Me ya sa direba ke ganin ganye a titi amma ba ya ganin allon gwamnati?

Duk wanda ya saba tafiyar dare a motar haya ya san wannan abin da zan faɗa. Ana cikin sharara gudu, mota ta yi tsit, wasu na gyangyaɗi wasu na latsa waya, sai kawai ka ji direba ya ɗage ƙafa daga totur ya fara taɓa birki a hankali. Ka leƙa ta gilas ba ka ga komai ba. Can sai fitila ta hasko reshen darbejiya a kan kwalta, bayan 'yan taku ga wani, ga wani kuma, an jera su kamar ana shanya. Gaba kaɗan sai ga tirela ta mutu a tsakiyar hanya, baƙi ƙirin, ko fitila ɗaya babu a bayanta balle si-koshin. Ba makarantar tuƙin da ta koya wa direban nan karatun ganye, amma ya hango shi tun kafin mu fasinjoji mu san me ake ciki, kuma ƙafarsa ta yi aiki da abin da idonsa ya gani nan take.

Irin wannan ta faru da mu wani dare, ina kujerar gaba a Sharon, direban dattijo ne da furfura a gemu. Bayan mun wuce tirelar an gama salati da Allah Ya kiyaye, ba mu yi nisa ba muka gifta wani allo a gefen hanya, irin mai kusurwa ukun nan, ni ma da kyar na tsinkayo shi don ya koɗe ya zama kalar ƙasa. Na ce, "Baba, allon nan da muka wuce yanzu, me aka zana a jikinsa?" Ya kalle ni ta gefen ido ya ce, "Wane allo kuma, Malam?" Na ce wanda ke hannun dama yanzun nan. Ya yi dariya, ya ce shi ya fi shekara talatin yana bin hanyar nan, ramukanta ma ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa, amma allo kam wallahi bai san da zamansa ba.

To abin da aka saba cewa shi ne direbobinmu taurin kai gare su, ba sa bin doka, jahilci ne, ƙwaya ce. Akwai masu hakan, ban musa ba. Amma ni dai ban yarda maganar ta ƙare a nan ba, don mutumin da ya hango reshen bishiya cikin duhu yana gudun kilomita ɗari ba makaho ba ne, kuma ba wanda bai damu da ransa ba ne. Idan ya ga ganye bai ga allo ba, sai a tuhumi allon ma. Abin da ke damuna shi ne mu a nan lissafinmu a kan allo nawa aka kafa yake tsayawa, a ɗauki hoto, a yanka ribon, a biya ɗan kwangila, shi ke nan an gama. Ko direba na ganin allon, daga nisan mita nawa yake ganinsa, da rana ne kawai ko har da dare, wannan ba ya shiga lissafi. Alhali kuwa abu ne da ake aunawa kamar yadda ake auna hatsi da tiya, kuma wasu ƙasashe sun fi shekara hamsin suna aunawa.

Bari in fara da Suwidin. A 1966 wasu malamai biyu na Jami'ar Uppsala, Gunnar Johansson da Kåre Rumar, suka fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙi har ka ce me ya hana kowa tunaninsa. Sai su kafa allo a gefen hanya, can gaba bayan 'yan ɗaruruwan mitoci a tsayar da mota, a tambayi direba wane allo ne na ƙarshe da ya wuce. Direbobi wajen dubu aka yi wa haka, ana canza allon lokaci zuwa lokaci. Da allon ya kasance na iyakar gudu, kashi 78 cikin 100 suka tuna shi. Na gargaɗin cewa akwai 'yan sanda a gaba, kashi 63. Amma na wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, kashi 17 kacal. Ka duba fa, hanya ɗaya ce, wuri ɗaya, mutanen nan kuma masu ilimi ne da lasisi na gaskiya, ba wanda aka kawo masa har gida ba.

Wannan sakamakon shi ya warware min maganar Baba direba. Ido ba kamara ba ce da ke ɗaukar duk abin da ya gifta, ƙwaƙwalwa ce ke zaɓen abin da za ta kula da shi, kuma abin da take zaɓa shi ne wanda ta san in an yi sakaci da shi za a ji a jika. Bature na ganin allon iyakar gudu saboda tara na bin bayansa. Direbanmu na ganin ganye saboda ganye bai taɓa yi masa ƙarya ba, in ka ga an jera shi to da wuya a ce babu wani abu a gaba. Haka idan motar da ke tahowa ta ƙyafta masa fitila ko direbanta ya yi masa nuni da hannu, nan take ya gane akwai shinge ko haɗari a gaba. Allon gwamnati fa? Sau nawa ka ga allon "ana aiki a gaba" alhali an gama aikin tun shekara uku, ko ma ba a fara ba? Sau nawa ka ga allon iyakar gudu da aka kafa lokacin gyaran hanya aka tafi aka bar shi a nan? Allon da ya yi maka ƙarya sau goma, na sha ɗaya ko da gaskiya ya faɗa idonka ya riga ya sallame shi, kuma abin haushin ba shi kaɗai yake jawo wa ba, har sauran alluna na kirki.

Gaskiya dai gwajin na Suwidin ma ya sha suka daga baya, kuma sukar na da hujja. Masu bincike suka ce ai tuna abu daban, ganinsa daban, mutum na iya ganin allo ya rage gudu amma bayan minti ɗaya ka tambaye shi ya ce bai ga komai ba, kamar yadda za ka tuƙa daga kasuwa zuwa gida ka kasa tuna danja nawa ka tsaya. Shi ya sa aka koma ana haɗawa da auna abin da mota ta yi, wato a ɓoye na'urar auna gudu kafin allo da bayansa a ga ko an sassauta. Yanzu kuma har tabarau gare su mai bin ƙwayar ido, yana nuna daidai inda direba ya kalla da daƙiƙa nawa ya yi yana kallo. Ni a wurina wannan sukar ƙara wa maganar ƙarfi ta yi, don ta nuna ko hanyar awon ma sai da aka auna ta aka gyara.

A Ostireliya kuma cikin shekarun 1980, wasu masu bincike biyu, Cole da Hughes, suka zo da wani bambanci da nake ganin ya fi shafar biranenmu. Suka ce fitowar allo iri biyu ce. Akwai allon da za ka gani don kana nemansa, kamar baƙon da ya shigo gari yana lalube ina hanyar Zariya take. Akwai kuma wanda dole shi ne zai fizgo idonka ba ka shirya ba, kamar na gargaɗin makarantar yara ko mummunar kwana. Yadda suka auna shi ne su sa mutum ya tuƙa a titunan Melbon yana faɗin duk abin da ya ja hankalinsa da baki, ana naɗa. Suka tarar wani babban kaso na abin da direbobi ke ambata, tsakanin 30 zuwa 50 cikin 100, bai ma shafi tuƙi ba, su talla ne da shaguna da sauran tarkace. Kuma duk inda gefen titi ya cika da hayaniyar ido, abin da aka kafa don a gani sai ya nutse.

To in Melbon ta shekara arba'in da suka wuce ta cika da hayaniyar ido, me za a ce da titin Zoo Road ko France Road a Kano, ko Ahmadu Bello Way a Kaduna? Tallan layin waya, tallan makarantar kuɗi, tallan mai maganin basir da sanyi, allon coci, allon Islamiyya, ga fuskar ɗan takara tun daga kansila har sanata kowa na murmushi, ga lemar mai caji, ga a-daidaita-sahu ya faka a daidai gindin allon. A cikin wannan kasuwar ake so ƙaramin faranti mai faɗin tire ya yi magana a ji shi. Mai talla ya san aikinsa, shi yana auna inda ido ke faɗawa kafin ya biya kuɗin wuri, mu kuma allon da zai ceci rai sai a dasa shi duk inda lebura ya samu ƙasa mai laushi.

Mu zo kan lissafi, don a nan ne za a gane abin ba wasa ba ne. Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Mota mai gudun 100 tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. Injiniyoyin hanya a Amurka suna ware daƙiƙa biyu da rabi tsakanin lokacin da direba ya ga abu da lokacin da ƙafarsa ta taka birki, wato mita 70 sun tafi birki bai ma fara ci ba. In ka haɗa da nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya cak, lissafinsu na kai wa mita 185, kusan filin ƙwallo biyu ke nan a jere. Wannan fa a kan mota mai lafiyayyen birki da taya ake magana, ba taya 'yar Kwatano da ta gama rayuwarta a wata ƙasa ba, kuma ba direban da ya kwana biyu bai runtsa ba. Saboda haka allon da aka kafa a bakin kwana, ko a kan gadar da ta karye, ba gargaɗi ba ne, sai dai shaida.

Rubutu ma da nasa ma'auni. Ƙa'idar da littafin alamomin hanya na Amurka ke aiki da ita ita ce duk inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi daga ƙafa 30, in ka juya shi santimita ɗaya na ba da wajen mita uku da rabi. Ke nan in kana so a karanta kalma daga mita 100, harafin sai ya kai kusan tsawon rular 'yan makaranta. Yanzu ka tuna allunan da kake gani a hanyoyinmu, musamman na ayyukan mazaɓu, layi takwas na rubutu, sunan aiki, sunan wanda ya kawo aiki, sunan ma'aikata, sunan kamfani, kuma sunan mai girma ya fi sunan garin da ake nunawa girma. Wa zai karanta wannan a daƙiƙa biyu?

Ingila ta sha muhawara a kan rubutun allo tun ƙarshen shekarun 1950 da ta fara gina manyan hanyoyinta. Jock Kinneir da Margaret Calvert su suka zana tsarin allunan da ƙasar ke amfani da shi har yau, wanda ya zama doka a 1965, kuma sun dage a kan a haɗa babban baƙi da ƙananan haruffa maimakon manya zalla, don mai gudu ba harafi-harafi yake karantawa ba, siffar kalmar yake ganewa daga nesa. Da gardama ta yi zafi ba a ce wane ne babba a yi abin da ya ce ba, gwaji aka yi, aka ɗora alluna a kan mota ana tunkaro mutane da su suna zaune, ana rubuta nisan da kowa ya iya karantawa. Amurka ma ta yi irin tata rigimar a kan salon rubutu mai suna Clearview, ta amince da shi a 2004, ta janye a 2016, ta sake dawo da shi a 2018. Wani zai ce ɓata lokaci ne, ni kuwa sha'awa abin ya ba ni, mutane na faɗa a kan kaurin harafi saboda sun san mita goma na iya raba mai rai da gawa.

Amma duk wannan na rana ne. Inda gizo ke saƙar shi ne dare, kuma a nan ne nake ganin an fi cutar mu. Allon hanya na gaskiya ba fenti ake shafa masa ba, wata leda ce ta musamman ake manna masa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko 'yan mitsi-mitsin madubai, aikinsu su mayar da hasken fitilar mota daidai inda ya fito, kamar yadda idon mage ke ƙyalli in ka haska ta da tocila. Kamfanin 3M ne ya fara fito da irinta a ƙarshen shekarun 1930. Ledar nan aji-aji ce kuma tana tsufa, mai araha wajen shekara bakwai ake ba ta, masu kyau goma zuwa sha biyu, rana da ƙura kuma su ne maƙiyanta, mu kuwa Allah Ya hore mana su biyun. Matsalar ita ce da rana tsaka ba za ka iya bambance allon da aka yi da leda mai kyau da wanda aka yi da fentin ƙofa ko sitikar masu buga fosta ba, duka ja ne da fari suna sheƙi. Yaushe ake zuwa duba aiki? Da rana, da rakiyar 'yan jarida. To ka ga kuwa an bar ƙofa a buɗe.

Akwai na'urar hannu da ake dafa wa a jikin allo ta ba ka lamba nan take, ta gaya maka hasken da yake mayarwa. Amurka ta sa mafi ƙarancin wannan lamba a dokarta tun 2008, har ta ce a allon ja da fari irin na STOP dole farin ya ninka jan sau uku wajen haske, in ba haka ba rubutun zai narke a cikin jan. Na san za a ce na'urar na da tsada. To ai su ma ba su ce dole sai da ita ba, cikin hanyoyin da suka amince da su akwai wadda ta fi burge ni: a samu mai duba alluna ɗan shekara 60 ko fiye, a sa shi a mota mai ɗan tudu, a bi hanya da dare da ƙaramar fitila a gudun da aka saba, duk allon da bai gani da kyau ba a rubuta a canza shi. Dalilin zaɓen dattijo shi ne hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba, in tsoho ya gani to kowa zai gani. Dalilin mota mai tudu kuma, duk yadda idon direba ya yi nisa da fitilarsa haka allon ke rage masa haske, shi ya sa allon da ke walƙiya ga mai Golf yake zama dishi-dishi ga direban tirela ko tanka da ke can sama, wato wanda ya fi kowa buƙatar dogon gargaɗi shi ya fi kowa rashin samu. Wannan gwajin me zai ci? Man mota da alawus ɗin dare ɗaya.

Sai dai ba na so mu kwafo lambobin Turawa mu manna kawai, don akwai abin da muke da shi da ba su lissafa ba. Hazo na farko. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da jirgi ma ke kasa sauka a Kano, ƙura ta lulluɓe allo ta kashe ƙyallinsa, kuma ba ruwan sama da zai wanke sai bayan wata huɗu ko biyar. Na biyu fosta, da kakar zaɓe ta kama duk wani abu mai faɗi a bakin titi ya zama allon manna hoto, har da na iyakar gudu, kuma in an ɓanɓare takardar gam ɗin ya riga ya cinye ledar. Na uku 'yan jari-bola da ke tumɓuke ƙarfen ɗungurum. Ga ciyawar damina da ke haɗiye gajeren allo, ga motocin da fitila ɗaya ce ke aiki ita ma tana kallon sama, ga na gaba ya danno maka ful-layit ko ya ƙara waɗannan fararen fitilun da ke makantar da mutum. Duk wanda zai auna allo a ƙasar nan bai sa waɗannan a ciki ba, allon wata ƙasa ya auna.

Sannan ga maganar fahimta, don gani daban ganewa daban. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 a kan alamomin hanya, wadda Najeriya na cikinta, ta fifita zane da siffa da launi a kan rubutu, saboda direba ya tsallaka iyaka bai rikice ba. Mu wannan ya shafe mu kai tsaye, direban da ya ɗauko kaya daga Maraɗi ya bi ta Jibiya zuwa Katsina, ko daga Damagaram ya biyo ta Daura zuwa Kano, ya baro rubutun Faransanci ya shigo na Turanci, shi kuma Hausa yake ji, wataƙila ajami ya fi iya karantawa. Allon STOP ma ai da gangan aka ba shi kusurwa takwas shi kaɗai, don ko rubutun ya goge, ko ta baya ka hango shi, ka san shi ne. Amma zane ma ba a cewa kowa ya gane shi sai an gwada. A ɗauki hotunan alamomi talatin a shiga tashar mota, a zauna da 'yan yuniyon, a nuna wa direbobi ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya a ce Malam me wannan ke nufi, ba don a kama kowa ba. Duk alamar da rabinsu suka kasa, ko dai a koyar da ita a rediyo, ko a ƙara mata kalmar Hausa a ƙasa. Ban ga abin kunya a rubuta "Rage Gudu" ko "Kwana" a hanyar da kusan duk masu binta Hausa suke ji ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasan wannan sharhin. Za su ce Malam kana maganar allo, hanyar ma ina take, ramuka kamar rijiya, ga 'yan bindiga, wa ke ta allo. Ina jin zafin, ni ma hanyar nake bi. Amma a juya maganar a gani: lafiyayyar hanya mai faɗi da fitilu ita ce za ta iya haƙuri da mataccen allo, hanyar da gada ta rufta ko aka karkatar da motoci hannu ɗaya ita ce ba za ta iya ba. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a shekarun nan da ake ta aikinta ya san yadda ake haɗe motoci a hannu ɗaya, kuma ya san fargabar da ke cikin isa irin wannan mahaɗar da dare. Sake gina kilomita ɗaya na hanya kuɗi ne masu nauyi da shekaru, allo mai kyau kuwa a kwana ɗaya ake kafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce kan gaba duk da mu ne masu ƙarancin motoci. Ban ce allo ne zai share wannan ba, wanda ya sha ƙwaya ko ya yi lodin da ya fi ƙarfin birki ba allon da zai tare shi. Amma cikin duk abubuwan da ke kashe mu a hanya, wannan na cikin masu arahar gyara.

Wasu kuma za su ce to a ƙara yawan alluna mana. A'a, ba yawa ake nema ba. Allo goma a wuri ɗaya daidai yake da babu, ido zai tsallake su duka. Cire na ƙarya da wanda aikinsa ya ƙare ma aiki ne, wataƙila shi ya kamata a fara yi.

Masu yin aikin kuwa muna da su, ba sai an ɗauko ƙwararre daga waje an biya shi da dala ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 1988 take, tana da jami'ai a kan manyan hanyoyi da na'urorin auna gudu. FERMA mai kula da gyaran hanyoyin tarayya tun 2002 take. A Zariya akwai cibiyar fasahar sufuri ta NITT, ga sassan injiniya a ABU da BUK da ke yaye ɗalibai duk shekara, kowanne na neman abin da zai rubuta furojet a kai. Gwajin Uppsala ɗin nan ɗalibai huɗu da jami'i ɗaya za su iya maimaita shi a hanyar Kano zuwa Wudil cikin sati biyu, su fito mana da lambobinmu na kanmu, a san kashi nawa na direbobinmu ke ganin wane allo, da rana nawa da dare nawa. Ni har so nake a sa ganye a cikin gwajin, a jera reshe a wani wuri a kafa allo a wani, a auna gudu a ga wanne ya fi sa a taka birki da kuma daga wane nisa. In ganye ya ci, sai a zauna a duba me ya fi allon da shi: a kan titi yake daidai inda ido ke kallo ba can gefe ba, ana maimaita shi sau da yawa tun daga nesa, kuma galibi yana ɓacewa in matsalar ta wuce. Duka ukun nan injiniya zai iya kwaikwaya da robobin nan masu tsini da ƙananan alluna masu ƙyalli a jere.

Inda abin zai yi haƙori shi ne takardar kwangila. A rubuta ajin ledar da za a yi amfani da ita, a rubuta nisan da dole a iya karanta allon da dare, a buga ranar da aka kafa shi da sunan kamfanin a bayansa yadda in ya mutu a shekara biyu an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai an yi duban dare. Duban nan kuma kada a yi shi a jif ɗin ofis mai sabbin fitilu, da yaro ɗan shekara 25 a gaba. A je tasha a nemo irin su Baba, a biya shi kuɗin lodinsa na ranar cif, a shiga Sharon ɗinsa yadda take, a cikin watan Janairu lokacin da hazo ya sauka sosai, wani ya zauna kusa da shi da biro da takarda da agogo, a ce Baba duk allon da ka hango ka faɗa, ka kuma faɗi abin da yake cewa. Wanda ya kira tun daga nesa a biya kuɗinsa. Wanda aka wuce Baba bai ce uffan ba, ɗan kwangila ya dawo ya sake.